Shirun Alaramma Rabe

Ina tsakar gida ina dama kunun tsamiya, kunnena yana masallacin unguwarmu a nan Badarawa, don tsakanin gidanmu da shi katanga biyu ce kawai. Azumin bara ne. Malam Sulaiman yana tafsirin bayan la'asar, maigidana Alaramma Rabe yana ja masa baƙi, kamar yadda suke yi tun kafin in haifi autata.

Wanda bai sani ba, aikin mai jan baƙi bai tsaya ga karanta ayar da aka zo kanta ba. Malam yana cikin fassara sai ya tuno wata aya can a wata sura, ya faɗi ma'anarta da Hausa, ya ce, "Alaramma, kawo mana ita." Shi kuma ya zaro ta da ka, nan take, ba duba takarda. A nan maigidana ya yi suna. Daga Kawo, daga Unguwar Dosa, har daga Malali mutane suke zuwa don su ji yadda yake cafke aya tun Malam bai rufe baki ba.

Ranar sai na ji Malam Sulaiman ya ce, "Alaramma, kawo mana ayar nan ta haƙƙin marayu."

Shiru.

Na tsaya da ludayi a hannu, na ce ko wuta aka ɗauke. Ina! Ga ƙarar fanka nan ina ji ta cikin lasifikar, ga tarin wani tsoho. Malam ya maimaita a hankali. Shiru dai. Can sai na ji muryar Sharhabil, ɗalibin Alaramma ne da ya yi hadda a hannunsa, magidanci mai 'ya'ya uku, ya kawo ayar daga sahun gaba. Kunun nan ya yi gudaji ban ma sani ba.

Da aka sha ruwa, dabino ɗaya maigidana ya ci ya ture faranti. Na ce, "Malam, lafiya?"

Ya dubi tabarma. Ya ce, "Turai, na buɗe ɗakin da ayar take ciki, na tarar ba kowa."

Wallahi na so in yi kuka, amma na daure, don na san in na fara shi ma zai karye. Kafin Salla abin ya sake faruwa, ba sau ɗaya ba.

Bayan Salla sai ga Malam Sulaiman a zaurenmu. Ni kuwa ina bayan ƙyaure, kada wanda ya ce mini laɓe ba kyau, gidana ne. Suka gaisa, suka sake gaisawa, suka yi maganar tsadar taki, sannan Malam Sulaiman ya sassauta murya. Ya ce 'yan kwamitin masallaci sun same shi. Suna ganin azumi mai zuwa, in Allah ya kai mu, Alaramma ya huta, Sharhabil ya zauna a wurinsa.

Na ji maigidana ya ce, "Allah gafarta Malam, a ba ni ranar farko kawai. In ka kira aya na yi shiru, ni da kaina zan tashi in miƙa wa Sharhabil abin magana, ba sai kowa ya tashe ni ba."

Malam Sulaiman ya ce ya yarda. Ni kuma na koma madafa ina huci, don ni na san inda abin ya faro, kuma na faɗa tun ranar ba a ji ni ba.

Ga yadda aka yi. Shekara biyu kafin nan, Alaramma ya faɗi da kekensa a kusa da gadar Kawo. Ɗan gwiwar hannu ne ya goge, ko ɗinki ba a yi masa ba. Amma sai babban ɗanmu ya tashi da shi. Ɗan farina ne, ba na kiran sunansa, yau dai don ku gane zan faɗa sau ɗaya: Nuraddeen. Tun da ya zama mataimakin darakta a ma'aikatarsu nake ce masa Yallaɓai. To, Yallaɓai ya tara ƙannensa, suka yanke cewa Baba ya gama wahala. Aka ɗauke keke aka kulle a sito. Gonarsa ta Rigachikun aka ba 'yan ƙwadago. Aka kawo wata ƙatuwar kujera mai laushi aka dasa a zaure, wadda in ka zauna sai an jawo ka. Ko buta ya miƙa hannu zai ɗauka, sai mutum uku su riga shi. Na ce, "Ku bar mutumin nan da kekensa, tun yana saurayi bai san zama ba." Aka ce wai Umma ba ta tausayin Baba. To, na zuba musu ido.

Ai kuwa tumbi ya fito. Mutumin da ke tashi garau sai ga shi yana gyangyaɗi da hantsi, carbi na zamewa daga hannunsa. Da dare kuma ya yi ta juyi yana minshari har ya shaƙe ya farka. Ya fara neman tabaraunsa alhali yana goshinsa. Jikarmu Nafisa ya kira ta da sunan uwarta, uwar kuma ya kira ta da sunan ƙanwata da ta rasu. Fara'arsa ma ta tafi, shi da ba ya wuce ni a tsakar gida bai tsokane ni ba.

Ana nan, damina ta kusa faɗuwa, sai ga Zainab matar Yallaɓai ta zo da rana tsaka. Ta zauna a gefen tabarma tana ta ƙwaƙular zare.

Ta ce, "Umma, wai Abban Nafisa ne ya ce in gaya miki, wai ke kuma ki gaya wa Baba."

Na ce, "Shi bakinsa ciwo yake?"

"Wai da nauyi, Umma. Wai ya karanta a waya, akwai wani sinadari a jikin maza, testosteron suke ce masa, wai in namiji ya manyanta sai ya riƙa raguwa, wai shi ne…" Sai ta sunkuyar da kai.

Na ce, "Ke, yi magana, ba cinye ki zan yi ba."

"Wai sinadarin mazantaka ne, Umma. Wai in aka yi wa Baba allurarsa ƙwaƙwalwarsa za ta dawo."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Ka ji mini mutumin da ke tsawata wa ofis guda, ya kasa fuskantar ubansa, ya turo 'yar mutane tana gumi. Ni kuwa ban iya kwana-kwana ba. Da Alaramma ya shigo bayan azahar na ajiye masa fura, na ce, "Ɗanka ya ce mazantakarka ce ta yi ƙasa."

Saura kaɗan ludayin ya faɗi. Ya ce, "A'uzu billahi! Wa ya gaya masa?"

Na ce, "Waya."

Ya yi ta faɗa, wai 'ya'yan zamani ba kunya, wai shi da ya haifi tara. Na bar shi ya zazzage. Da ya gaji sai ya kurɓi fura, ya ce a hankali, "Turai, in dai za ta dawo mini da karatuna, ko allurar doki ce a yi mini."

Nan dariyata ta tsaya, tausayinsa ya kama ni.

Yallaɓai ya kai mu wani asibiti a hanyar Malali. Da sassafe aka ɗebi jini tun bai karya ba, aka auna wannan aka auna wancan, aka ce mu dawo. Ranar da muka koma aka shigar da mu ofishin likita, sai ga wata yarinya doguwa cikin farar riga ta taso ta durƙusa har ƙasa.

"Baba Alaramma, ba ka gane ni ba? Aziza ce, 'yar gidan Alhaji Yahya mai taya. A zaurenka na yi sauka."

Innalillahi! Ku zo ku ga Alaramma. Ya ja amawalin rawaninsa ya rufe har hanci. Yarinyar da ya koya wa baƙi da wasali, ita ce za ta yi masa bayanin mazantaka! Yallaɓai ma ya fara zamewa wajen ƙofa, wai zai duba mota. Ta ce, "Yaya, zauna, kai na fi so ka ji." Na ce a raina, yauwa 'yar albarka.

Ba ta yi wani noƙe-noƙe ba. Ta ce gaskiya ne sinadarin yana raguwa a hankali in namiji ya manyanta, kuma na Baba ya ɗan yi ƙasa, amma ba faɗuwar da za ta tayar da hankali ba. Ta ce an lura maza da yawa masu ƙarancinsa suna fama da mantuwa, shi ya sa aka yi zaton in an ƙara musu shi ƙwaƙwalwa za ta farfaɗo. To, an gwada a kan dattawa, ba a ga ya gyara musu mantuwa ba. Kuma allurar ba ruwan sha ba ce, tana iya kaurara jini, tana da sharuɗɗanta, akwai waɗanda ake yi wa don wata larura, amma Baba ba ya cikinsu.

Na ga kafaɗun Alaramma sun sauka. Ya zo da fatan allura, an ce babu.

Ta ci gaba, ta ce, "Abin da na gani shi ne, ƙiba da yawan zama da rashin barci mai kyau suna danne sinadarin, kuma su ɗin dai suna dusashe ƙwaƙwalwa. Sukarinka ma ya fara hawa. Baba, da me kake wuni?"

Yallaɓai ya yi caraf ya ce, "Alhamdu lillahi, Likita, ba ya komai. Mun hutar da shi gaba ɗaya."

Ta dube shi. Ni ma na dube shi. Kallon nan ya ishe shi.

Ta ce, "To, tilawa fa? Kana yi?"

Alaramma ya ce kullum yana yi, ɗalibai suna zagaye da shi.

"In ka yi kuskure wa yake gyara maka?"

Ya ce, "Ai ba su taɓa cewa na yi ba."

Nan fa na kasa haƙuri. Na ce, "Yana yi, Likita! Ni 'yar malamai ce, na yi sauka, ina jin sa daga tsakar gida. Ya tsallake aya, ko ya fita daga wannan sura ya faɗa waccan, su kuwa sai su dukar da kai kamar an aiko musu da rasuwa. Wa zai buɗe baki ya ce wa Alaramma Rabe koma?"

Ya juyo ya dube ni da mamaki. Ya ce, "Ke kina ji, ba ki faɗa ba?"

Na ce, "In ɗaga murya daga madafa in gyara ka a gaban ɗalibanka? Ka taɓa jin an yi haka?"

Likita ta ce, "Da can fa? Ba wanda yake gyara ka?"

Sai na ga gefen bakinsa ya motsa. Ya ce, "Akwai wani mara kunya."

Malam Sabo yake nufi. Tare suka yi gardanci a gabas tun suna samari. Shi maigidana Bakano ne, Sabo Bazazzagi, kun san kuwa abin da ke tsakanin Kanawa da Zagezagi, kowa bawan kowa ne. Gonakinsu a Rigachikun kunya ɗaya ce ta raba. Shekara da shekaru, da an fito sallar asuba Alaramma zai hau keke ya tafi, su kama noma gefe da gefe suna jifan juna da aya. Wannan ya ɗauko farko, wancan ya ƙarasa. Ko ya ce, kawo mini duk inda aka ambaci kaza. Wanda ya yi tuntuɓe kuwa ya shiga uku, har 'yan gonar maƙwabta sai sun ji. Tun da aka kulle keke, sai dai gaisuwa a waya.

Likita Aziza ta ce, "Baba, ba zan yi maka alkawarin komai zai dawo kamar da ba, shekaru suna da nasu rabo. Amma in ni ce, zan mayar da kai wajen mara kunyar nan."

Yallaɓai ya ce, "Likita, Baba fa ya doshi saba'in."

Ta ce, "Shi ya sa, Yaya."

A mota aka yi ta ja-in-ja. Daga ƙarshe aka tsaya a kan cewa ba zai ƙara hawa babban titi da keke ba, tireloli sun yi yawa, wannan kam na goyi bayan Yallaɓai. Zai shiga motar haya daga Kawo, keken kuma a ajiye shi gidan Malam Sabo a Rigachikun, daga nan ya hau zuwa gona. Yallaɓai da kansa ya buɗe sito ya fito da keken, ya kai aka sa masa sababbin tayoyi, yana yi yana ɓata rai.

Ranar farko na bi shi, wai don in ya faɗi a samu mai kururuwa. An yi ruwa da asuba, ƙasa ta yi laushi, masara ta fara kai idon sawu. Muna isa, wani siririn tsoho ya ɗago daga kunya, ya dafa fartanya, ya ƙare wa maigidana kallo tun daga sama har ƙasa.

"La ilaha illallahu! Wa ya naɗa wa buhun masara rawani? Bawana, cikin wata nawa ne? Turai, kin kai shi awo kuwa?"

Alaramma ya ce, "Ka ji mini Bazazzagi. Kai da yunwa ta hana ka inuwa."

Sai suka rungume juna. Na ga Malam Sabo yana share ido da gefen riga, ya ce wai ƙasa ce ta faɗa masa.

Na shimfiɗa ɗankwali a gindin mangwaro na zauna. Ba a yi nisa ba Malam Sabo ya jefo aya. Maigidana ya kama, ya tafi, ya tafi, sai ya zame ya faɗa wata sura.

"Kai! Koma!" Muryar Sabo har tsuntsaye sai da suka tashi. "Ina za ka? Nan ba kasuwar Kurmi ba ce da za ka shiga ta wannan layi ka ɓullo ta wancan. Koma!"

Alaramma ya tsaya cak. Shekara biyu ba wanda ya ɗaga masa murya. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi, idonsa ya yi ja, na ce yau za a yi dambe da fartanya. Sai ya koma baya, ya sake ɗaukowa, ya sake zamewa a wurin dai.

"Koma! Wayyo Kano, an yi asara!"

A karo na uku ya wuce. Ya ɗago yana haki, gumi har cikin gemu, ya ce, "To saura kai, ɗan rainin wayo," ya jefa masa tasa.

Kunya biyu kawai ya iya nomewa ranar, sauran a zaune ya yi su. An ce masa koma ya fi a ƙirga. Da muka dawo gida ya cinye tuwo tas, ya yi ta mita: Sabo ba shi da tarbiyya, Sabo tun yana yaro haka yake, gobe sai ya nuna wa Sabo. Ana idar da isha ya kwanta, ban ƙara jin motsinsa ba sai kiran assalatu. Ni kuwa daɗi ya cika ni, don rabon da in ji yana faɗa da zuciya ɗaya haka har na manta.

Haka damina ta tafi. Aka yi noman farko, aka yi maimai, aka karya masara. Da rani ya shigo suka koma lambun Malam Sabo a bakin fadama, tumatir da albasa. Na rage masa mai da sukari kamar yadda Likita ta ce, ya yi ta ƙorafi wai shayina ya zama ruwan alwala. Tumbi ya fara komawa inda ya fito, har na sa aka rage masa zariyar wando. Ya dawo da tsokanata. Ran nan ina tankaɗe ya wuce ya ce, "'Yar malamai, yau ba a laɓe?" Na ce, "Ka ji da bawanka."

Ba wai komai ya gyaru ba ne, kada in yi muku ƙarya. Tabarau dai har gobe ana nema. Wata rana ya dawo fuska a murtuke, ya ce yau Sabo ya kayar da shi a wurin da ko yaro ba zai faɗi ba, ya zauna a zaure ya ƙi cin abinci. Irin ranakun nan tsoro yakan dawo mini sabo fil.

Da muka koma asibiti Likita ta ce sukari ya sauka, sinadarin nan kuma ya ɗan taso kaɗan. Shi ko tambayar sinadarin bai yi ba. Sai dai ni na yi kuskuren ba Larai matar Malam Sabo labari, ita kuma ta kai wa mijinta da ɗuminsa. Washegari Alaramma ya dawo yana nuna ni da yatsa.

"Turai, ke kika gaya musu? Mutumin nan tun daga bakin fadama yake ƙwala mini kira, wai an auna Bakano a asibiti an samu saura kwata!"

Na ce, "To, ba ga shi an ce ya ƙaru ba? Gobe ka ce masa ya kai rabi."

Ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, dariya ta ƙwace masa.

Sai ga azumi ya zo. Ranar farko tun da hantsi ya kasa zama, ya shiga ya fita, ya sa wannan riga ya tuɓe. Da zai tafi masallaci ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce, "In na yi shiru yau, shi ke nan, kin sani ko?"

Na ce, "Na sani. Allah ya buɗa."

Ni da ban taɓa barin kunun ranar farko a hannun kowa ba, ranar na miƙa wa Zainab ludayi, na zura hijabi na tafi sashen mata. Ta tagar da ke tsakani ina hango gaba. Ga Malam Sulaiman a kan kujerarsa, ga maigidana a gefensa. Ga Sharhabil a sahun farko ya dukar da kai, shi ma bawan Allah ba son abin yake ba. Ga Yallaɓai can jikin ginshiƙi yana murza hula. Sai kuma na hango wani siririn tsoho ya kutsa ya zauna daf da abin magana. Malam Sabo! Tun daga Rigachikun da azumi a bakinsa. An ce tun a bakin ƙofa yake sanar da jama'a wai ya zo kallon faɗuwar Bakano.

Aka buɗe da addu'a. Alaramma ya ja ayoyin farko, murya garau, amma wannan ba ita ce jarrabawar ba, kowa ya sani. Malam Sulaiman ya yi ta fassara, ya yi nisa bai kira komai ba, har na fara zargin tausayi ne ya hana shi. Can sai ya gyara zama, ya ce, "Alaramma, kawo mana ayar nan da ke maganar ruwan sama, yadda Allah yake raya ƙasa da shi bayan ta mutu."

Shiru.

Ƙarar fanka. Na damƙe hannun matar da ke kusa da ni, ban ma san ko wace ce ba. Na ga Sharhabil ya runtse ido. Na ga Yallaɓai ya daina murza hula. A raina ina cewa, ya Allah, kada ka kunyata bawan nan naka, ya Allah. Sai na ji wani gyaran murya ta cikin lasifika, irin wanda Malam Sabo yake yi in zai ce koma.

Maigidana ya ɗaga masa hannu, ko kallonsa bai yi ba. Ya matso da bakinsa, ya ce, "Allah gafarta Malam, wacce daga ciki? Uku ne suka zo mini a tare."

Masallaci ya ɗauki kabbara. Malam Sulaiman ya yi dariya har rawaninsa na rawa, ya ce, "Kawo su duka, Alaramma, ba mu ƙi ba!"

Ya kawo ta farko ya faɗi surarta. Ya kawo ta biyu. Yana cikin ta uku na daina gani sosai, hawaye sun rufe mini ido. Matar da na damƙe ta ce, "Hajiya, hannuna." Na sake ta, na ce ta yafe mini, mijina ne. Ta ce ai ta sani, duk Badarawa an sani.

Da aka sha ruwa zaurenmu ya cika. Malam Sabo ya zauna a kan kujerar nan mai laushi ya nutse har gwiwoyinsa suna taɓa gemu, yana cin ƙosaina yana gaya wa kowa cewa tarinsa ne ya ceci Kano yau. Alaramma ya ce akwai ta huɗu ma, ya bar ta ne don kada Bazazzagi ya suma. Sharhabil sai murmushi yake kamar shi aka yi wa kyauta. Yallaɓai kuwa ya durƙusa gaban ubansa, uban ya dafa kansa ya ce, "Gobe ka sa a duba mini birkin keken nan."

Sai da aka watse za a tafi asham Alaramma ya leƙo tsakar gida. Ina kwashe kwanuka. Ya tsaya a kaina, ya ce, "Turai."

Na ce, "Na'am, Malam."

"Yau da na buɗe ɗakin, ban samu wurin sa ƙafa ba."

Na ci gaba da haɗa kwanuka ina share fuska da bayan hannu. Shi kuma ya hau lalube, ya duba aljihu, ya ɗaga buzu, ya leƙa ƙarƙashin tabarma, yana cewa wa ya ɗauke masa tabarau.

Yana goshinsa. Na bar shi ya ɗan nema.